Daga Kantin Soja Zuwa Kantin Unguwa: Tarihin Wani Gida a Oko-Oba

Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya a duk faɗin Nijeriya. Akan ajiye furanni, a harba bindigogi, a saki fararen tantabaru, a kuma ambaci jaruntakar waɗanda suka tsaya a bakin daga. Amma duk wanda ya san sha'anin soja ya san cewa a bayan kowane mai bindiga akwai mai dafa masa abinci, da mai ɗaukar masa kaya, da mai ɗinka masa kaki, da kuma wanda zai miƙo masa sabulu da ashana idan ya fito daga daji. Irin waɗannan mutane su ne tarihi ya fi yi wa rowa. Ba a sa musu waƙa ba, ba a kuma raɗa wa wani titi sunansu ba.

Manufar wannan muƙala ita ce bin diddigin tarihin gidan ɗaya daga cikinsu, wani Bakatsine da ya yi aikin kantin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya kafa kanti a Agege, zuriyarsa kuma tana nan a Oko-Oba har yanzu. Mun sakaya sunansa bisa roƙon iyalinsa, don haka za mu riƙa kiransa Mai Kanti, kamar yadda mutanen unguwa suka saba. Abin da za mu kawo game da gidan mun same shi ne daga bakin babbar 'yarsa, wadda za mu kira Hajiya, da jikansa da ke riƙe da kantin a yau, da kuma tsofaffin littattafan bashi guda uku da suka tsira daga gara da ruwan sama. Abin da muke son nunawa shi ne, ba kuɗin sallama ne babban jarin da wannan bawan Allah ya dawo da shi daga yaƙi ba. Jarinsa wata hanya ce ta riƙon amana a rubuce, kuma ita ce ta riƙe gidan tsawon zuriya uku.

Kalmar Kanti

Kafin mu shiga labarin gidan, ya kyautu mu ɗan tsaya a kan kalmar kanti ita kanta. Ba Hausa ba ce ta asali. An aro ta ne daga kalmar Ingilishi "canteen", wadda a wurin Turawa take nufin ɗakin da ake sayar wa soja ko ma'aikata abinci da ƙananan kayan buƙata. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin UAC a 1929, suka kakkafa ɗakunan ciniki kusa da tashoshi. Suna sayen gyaɗa da fatu da auduga, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Da wannan suna Turawan suke kiran ɗakunan, Bahaushe kuwa ya ji, ya lanƙwasa shi ya koma kanti.

Kanti ya bambanta da kasuwar da muka gada. A kasuwa akwai tayi, akwai "albarka", akwai dillali mai jiran la'ada. A kanti kuwa kuɗin kaya a yanke yake, akwai sikeli, akwai kanta tsakanin mai saye da mai sayarwa, sannan akwai akawu da littafinsa. Haka nan ta ƙofar bariki kalmomi da dama suka shigo mana: soja, da kurtu, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa, da fareti. Dalili kuwa shi ne Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki a rundunar da Turawa suka kafa a ƙasar nan. Ke nan kalmar kanti tana da ƙafa biyu, ɗaya a wurin 'yan kasuwa, ɗaya a wurin soja. Mutumin da muke magana a kansa ya taka duka biyun.

Daga Allo Zuwa Kaki

An haifi Mai Kanti a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Yana yaro aka kai shi almajirci Kano, inda ya iya karatu da rubutun ajami. Da ya tasa sai ya sami aikin yaron kanti a wani kamfanin Turawa da ke kusa da tasha, yana share gaban kanta yana ɗaukar kaya. A nan ne ya koyi lambobin boko da lissafin fam da sule da kwabo, ta hanyar leƙen littafin akawu.

Yaƙi ya ɓarke a 1939, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Da Faransa ta faɗi a 1940, ƙasar Nijar ta koma hannun gwamnatin da ke ɗasawa da Jamus, sai yaƙin da ake jin labarinsa daga nesa ya zo bakin iyakar Katsina. Gwamnati ta nemi sarakuna su kawo samari, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai. Wasu sun shiga da son ransu, wasu kuwa turo su aka yi. Hajiya ta ce mahaifinta yakan ce shi ba wanda ya kama shi, kaki da takalmi da albashin wata-wata ne suka ja shi zuwa barikin horon kurata a Zariya.

A can ne aka gane ya iya ƙirga, yana kuma karanta lamba a jikin akwati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da mafi yawan kurata ba su yi boko ba. Saboda haka aka cire shi daga layi aka kai shi sito, daga sito kuma aka ba shi tsaron kantin ƙungiyarsu.

Kanti a Bayan Daga

Tun a 1920 Ingila ta kafa wata hukuma mai suna NAAFI don gudanar da kantunan sojojinta na ƙasa da na ruwa da na sama, ma'aikatanta da aka tura fagen yaƙi kuma akan sa musu kaki. Sai dai a rundunar mulkin mallaka ba a haɗa Bature da baƙar fata a wurin ci da sha da shaƙatawa, kamar yadda ba a daidaita su a albashi ba. Kantin da Mai Kanti ya tsare na baƙaƙen soja ne. Kayansa sabulu, da taba, da ashana, da reza, da zare da allura, da sukari, da takardar wasiƙa.

Sojojin Nijeriya sun fara gwabzawa ne a Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a 1941. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kwashe su ta jirgin ruwa zuwa Indiya don yaƙar Japan a ƙasar Bama. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, a cikin dajin da mota ba ta shiga, inda ta sama ake jefo musu abinci da harsashi, wasu dubban sojoji marasa bindiga kuma su ɗauka a ka. Wata birged ta 'yan Nijeriya ta bi dakarun Janar Wingate zuwa bayan abokan gaba. Runduna ta 82, wadda Mai Kanti yake ciki, ta isa a 1944, ta bi ta yankin Arakan, kuma a watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Mai karatu da ya san Ikko zai tuna da barikin Myohaung da na An a Yaba, da na Arakan a Apapa, da kuma barikin Dodan a Ikoyi, wanda ya zama mazaunin shugabannin ƙasa tun zamanin Gowon har zuwa komawa Abuja a 1991. Duk sunayen wurare ne na ƙasar Bama. Haka ma barikin Chindit a Zariya, daga sunan dakarun Wingate ya samo nasa.

Mai Kanti bai harba bindiga ko sau ɗaya ba. Yakan buɗe akwatunansa ne a sansanin baya, inda ake dawo da waɗanda suka gaji da waɗanda suka ji rauni. Ƙa'idar aikin ita ce kuɗi hannu, babu bashi, kuma duk yamma wani sajen Bature yakan duba littafi ya ƙirga kaya. To amma masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutumin da kuka fito gari ɗaya, ya kwana goma a cikin laka, ya zo yana neman sabulu alhali ranar albashi ba ta zo ba, da wane baki za ka hana shi? Sai Mai Kanti ya buɗe littafi na biyu. Na farko na boko ne, na Bature, kullum lissafinsa daidai, domin duk abin da ya ba da bashi yakan cike gurbinsa daga albashinsa. Na biyu na ajami ne, wanda sajen ba ya iya karantawa, ya ɗauka ma littafin addu'a ne. A ciki yake rubuta sunan mutum, da garinsu, da abin da ya karɓa. Ranar albashi kowa ya biya, sai ya ja layi a kan sunansa.

Ba duka sunayen ne aka ja wa layi ba. Akwai waɗanda suka karɓi taba ko sukari suka koma daji, ba su sake dawowa ba. Wannan shafi za mu sake komawa kansa.

Saukowa a Ikko

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma ƙarancin jiragen ruwa ya sa da yawa daga sojojin Afirka ba su ga gida ba sai a 1946. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Sai dai bayan marabar, rayuwa ta yi wa mafi yawansu tsauri. Kuɗin sallamar baƙar fata bai kai na Bature ba, kaya sun yi tsada, abin da ya riga ya jawo yajin aikin gama-gari na 1945. Gwamnati ta yi dokar da ta nemi a riƙa ɗaukar tsofaffin sojoji aiki, amma abin da akasarinsu suka samu bai wuce masinja ko gadi ko ɗan doka ba. Da yawa kuɗin ya ƙare musu cikin 'yan watanni a kan keke da aure da hidimar 'yan'uwa.

Mai Kanti ya je Katsina ya gai da iyayensa, sannan ya sake hawa jirgi ya gangaro Kurmi, ya sauka a Agege. Zaɓen wannan wuri ba na banza ba ne. A da can fatakenmu Gwanja suke zuwa sayen goro. Daga farkon ƙarni na ashirin manoman Agege, irin su J. K. Coker da abokansa, suka dasa koko da goro a gonakinsu, ga kuma tashar jirgi a tsakiyar gari. Nan da nan Hausawa suka kafa zango, suna sayen goro daga hannun Yarabawa, suna ɗaure shi huhu-huhu ana lodawa zuwa Arewa, jirgin kuma yana sauko da shanu. Cinikin goro da na shanu duka a kan amana suke tafiya: baƙo ya sauka gidan mai gida, mai gida ya tsaya masa, a ba mahauci saniya sai ya yanka ya sayar ya kawo kuɗi. Wannan tsari ne Abner Cohen ya yi nazarinsa a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, kuma irinsa ne ya riƙe zangon Agege.

Mai Kanti bai shiga goro ba, bai shiga shanu ba. Ya lura cewa masu ɗaurin huhu da 'yan dako da leburorin tasha suna buƙatar daidai abin da soja yake buƙata, kuma su ma ba kullum suke da kuɗi a hannu ba. Sai ya kafa tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama kanti. Ya auri wata 'yar zango wadda mahaifiyarta Bayarabiya ce. Hajiya ta jaddada mana cewa kuɗin adashin mahaifiyarta, na ƙosai da kokon da take sayarwa daga cikin gida, su suka sayi kwanon rufin kantin na farko. Daga baya, da gari ya cika, suka sayi fili a Oko-Oba. Sunan na Yarbanci ne, ma'anarsa gonar sarki, a lokacin kuwa gonaki ne suka fi yawa a wurin. Yau unguwa ce cunkus, a nan kuma babbar kwatar jihar Legas take da karar shanunta.

Abin da Littattafan Suka Ƙunsa

Littafi mafi tsufa cikin ukun nan da ajami aka rubuta shi, lissafinsa na fam da sule da sisi da taro. Sunayen ciki kusan duk na Hausawa ne, kowane da garinsu ko sana'arsa: wane mai huhu, wane Bazazzagi, wane mahauci. Abin da ya ja hankalinmu shi ne shafin farko. Sunaye ne jere, kowane da 'yan kwabbai a gabansa, babu layi a kan ko ɗaya, a ƙarshen kowane kuwa an rubuta kalma biyu: na yafe. Muka tambayi Hajiya ko su wane ne.

Ta ce, "Malam, ai mutanen Bama ne. Duk sanda littafi ya cika Baba zai sayi sabo, kafin ya rubuta komai sai ya kwafe su a shafin farko."

Muka ce, "To Hajiya, tunda ya yafe, me ya sa bai ja layi ba?"

Ta ce, "Haka yayanmu ya tambaye shi. Ya ce layi na wanda ya dawo ne."

Wanda ya san yadda muke ɗaukar bashin mamaci zai fahimci nauyin wannan shafi. A wurin jana'iza akan yi cigiya, wanda yake bin mamaci ya faɗa ko ya yafe. Waɗannan mutane ba a yi musu wannan cigiya ba, domin an binne su nesa da danginsu. Mai Kanti ya yi musu ita shi kaɗai, ya kuma ci gaba da maimaita ta har ƙarshen ransa.

Littafi na biyu na zamanin ɗansa ne, da boko, kuma a tsakiyarsa ne lissafi ya juya daga sule zuwa naira, wato a farkon 1973. A nan sunayen Yarabawa da Inyamurai sun fara yawa: iyar wane mai burodi, da tela, da direba, da malamin makaranta. Ana iya ganin tarihin ƙasa a kan shafukan. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 layukan biya sun yi ta zuwa a jere. A 1984, lokacin da madara da sukari da shinkafa suka yi wuya, sojoji suna tilasta wa 'yan kasuwa sayarwa a farashin gwamnati, aka kuma canja launin kuɗi a watan Afrilu, shafuka sun yi ƙaranci domin kantin ya kusa zama wayam. Daga 1986 kuwa, da darajar naira ta fara zubewa, bashin da akan biya a mako ya koma sai wata ya mutu.

Mai Kanti ya rasu jim kaɗan bayan an mayar da babban birni Abuja, don haka bai ga rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 ba, lokacin da aka zub da jini tsakanin Hausawa da Yarabawa a Ikko. Duk da cewa wuraren suna da tazara da Oko-Oba, tsoro ya kai ko'ina, gidaje da dama suka aika mata da yara Arewa. Gidan Mai Kanti ma ya rufe na ɗan lokaci. Hajiya ta ce makullin kantin a hannun wata maƙwabciya Bayarabiya suka bar shi, wadda sunanta ya fi na kowa yawa a littafin bashi, kuma da suka dawo ko ƙwayar ashana ba ta ɓata ba. Ba mu kawo wannan don mu ce bashi yana hana rikici ba. Abin da ya nuna kawai shi ne, wanda kuka shekara ashirin kuna ba juna amana a kan gwangwanin madara yana da dalilin da zai tsare maka ƙofa.

Littafi na uku na jikan ne. Ya gaya mana cewa ya riga ya jingine shi, ya koma ciniki da waya da na'urar cirar kuɗi. Sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira, mutane da kuɗinsu a banki amma ba su da na sayen burodi. Ya ce, "Wallahi Malam, sai da na kakkaɓe littafin Kaka." Cikin 'yan makonni ya cika shafukan da suka rage. Da muka buɗe shafin farko, sai muka tarar da sunayen nan na mutanen Bama, an juya su daga ajami zuwa boko da hannun mahaifinsa.

Kammalawa

Akwai abu guda da ya daɗe yana yi wa gidan ciwo. Mai Kanti bai taɓa halartar faretin 'yan mazan jiya ba. Wasu tsofaffin abokansa sukan zolaye shi da sojan sabulu, shi kuma ya ɗauki abin a ransa, har 'ya'yansa suka tashi ba su cika faɗin cewa mahaifinsu ya je yaƙi ba. Adabinmu ma bai taimaka ba, domin tun daga kirarin mayaƙa har zuwa waƙoƙin yaƙin basasa, mai takobi da mai bindiga ake yabo. Ko littafin Burma Boy na Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, wanda ya fito a 2007 ya kuma dawo da hankalin masu karatu kan waɗannan sojoji, a kan na bakin daga ya tsaya. Ba mu ce a rage wa jarumai komai ba. Muna dai ganin cewa wanda ya riƙe sunayen matattu sama da shekara arba'in, ya kuma koya wa ɗansa da jikansa riƙe su, ya cancanci a ambace shi tare da su.

Daɗin daɗawa, irin waɗannan littattafai suna ƙarewa. Hajiya ta tabbatar mana cewa sun fi goma, amma wasu an yage su an ƙunsa ƙosai, wasu ruwa ya ci, har da ainihin wanda ya dawo da shi daga Bama. Agege kuma tana sauya kama: an buɗe gadar sama ta Pen Cinema da sabon layin dogo na Ikko zuwa Ibadan a 2021, an rushe gine-gine da yawa a gefen hanyar jirgi, kuma duk gidan da ya tashi, takardu ne farkon abin da ake zubarwa. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da su leƙa zangunan Agege da Shagamu da Sabon Ibadan, da kuma ɗakunan kakanninsu. Su tambayi tsofaffin mata, domin su suka san inda akwatin yake. Su ɗauki hoton kowane shafi, su koyi karanta ajamin da ke ciki tun masu iya karanta musu suna raye. Mu dai mun roƙi jikan Mai Kanti ya raba littattafan nan uku da sito, ya kuma yi mana alkawarin zai sa su cikin akwatin ƙarfe.